Rijiya Mai Zartsi a Gonar Sa'idu

Kamfanin neman mai ne ya haƙa rijiyar, ya tafi ya bar ta a buɗe. Ilu ne ya sa aka dawo aka cike ta.

Ilu manomi ne a wani ƙauye gefen Wurma, cikin ƙasar Kurfi. Gonarsa da ta Sa'idu asalinsu gona ɗaya ce, ta kakansu. Da aka raba gado sai aka dasa gamba a tsakiya. Ilu ɗan wa ne, Sa'idu ɗan ƙane. Rabon uban Ilu ya faɗa ɓangaren da tsohuwar rijiyar kakan take, wannan rijiya kuwa ita ce arzikin Ilu. Saboda ita ne duk shekara, da an kwashe amfanin gona, Tukur Bafulatani yake zuwa da shanunsa ya sauka a gonar. Shanun su ci kara, su sha ruwa a komi, su kwana a fili. In sun kwana biyu a wuri ɗaya sai a matsar da makwancinsu gaba, har taki ya game gonar kaf kafin ruwan farko. Haka uban Tukur ya yi da uban Ilu. Geron Ilu, in mutum ya shiga ciki bisa jaki, ko hularsa ba a hange.

Gonar Sa'idu kuwa jigawa ce, ƙuduji mai kashe gero ya aure ta. In bazara ta matsa, Ilu yakan aika masa da damin gero. Yakan kuma tabbatar an bi da damin ta ƙofar masallaci.

Ana saura 'yan shekaru a sami mulkin kai, sai ga motoci daga wajen Dutsin-Ma, da Bature, da leburori, da wani tafinta mai suna Lado. Suka yi ta leƙe-leƙe da awon ƙasa. Suka zo tsakiyar gonar Ilu suka kafa turken ƙarfe mai jan ƙyalle.

Ilu ya zo ya tsaya a kan turken.

Lado ya ce, "Baba, Bature ya ce nan suke so su haƙa. Ana zaton akwai mai a ƙarƙashi."

Ilu ya ce, "Gaya masa gona ce, ba maƙabarta ba."

"Baba, ai alheri ne."

"Alherina yana bisa ƙasa, ina ganinsa."

Ya sunkuya ya tumɓuke turken, ya wurga shi ƙetaren gamba. Turken ya faɗa gonar Sa'idu, ba nisa da iyaka. Sa'idu yana nan tsaye cikin 'yan kallo. Ya ɗauki turken, ya dube shi, ya kafa shi nan inda ya faɗi, ya taka da diddige.

Ya ce, "Yaya, ka yar, na tsinta."

Mutane suka yi dariya. Ilu ma ya yi, don a ganinsa wahala ɗan'uwansa ya tsinta.

Kamfani ya haƙa rami mai faɗi, mai zurfin da ba a taɓa gani ba a ƙauyen. Aka kafa inji a kansa, ana ta zura bututun ƙarfe cikin ƙasa. Rani guda ana ƙara, kaji suka daina ƙwai. Ba a sami mai ba. Wata safiya suka naɗe tantinsu, suka ɗora kwanon rufi a bakin ramin, suka danne da duwatsu, suka tafi. Ko sallama ba su yi wa dagaci ba.

Ilu ya ce a bakin masallaci, "Bana Sa'idu ya noma ƙarfe. Allah ya sa ya dafu."

Da damina ta yi, ruwa ya taso daga bututun ya taru a gindin ramin. Damina ta wuce, ruwan bai janye ba. Mata suka ɗebo suka gwada. Zartsi ne da shi, ba ya shawuwa, ba ya kumfar sabulu, tuwon da aka yi da shi ko kare sai ya yi shawara. Aka bar wa Sa'idu kayansa, yana kwaɓa ƙasar gini da shi.

Kaka ta yi, Tukur ya iso ya sauka gonar Ilu yadda aka saba. Wata rana Sa'idu ya ja ruwa ya zuba a wani tsohon komi zai kwaɓa ƙasa. Wata farar saniya, uwar garke, ta ɗaga hanci, ta keta gamba, ta kafa kai a komin. Sauran suka bi ta. Tukur ya bi su da sanda yana tsawa, ko motsi ba su yi ba. Ya kamfaci ruwan ya kurɓa, ya tofar, sai ya fashe da dariya.

Ya ce, "Wannan ai kanwa ce Allah ya jiƙa da kansa."

Makiyayi har Kurfi yake zuwa neman kanwar da zai ba shanu. Ga ta nan a rami, ba ta ƙarewa. A wannan rani shanun suna kwana wajen Ilu, suna wuni suna jan jiki zuwa gamba. Suka yi ƙiba, gashinsu ya kwanta, nono ya ƙaru. Ilu yana gani.

Shekara ta zagayo, Tukur ya zo zauren Ilu da ƙwaryar man shanu. Aka gaisa, aka tambayi iyali da dabbobi. Tukur ya yi ta wasa da sandarsa.

Ya kira Ilu da sunan wasan da ya saba, ya ce, "Kaɗo, bana can zan sauka, ƙetaren gamba."

Ilu ya ce, "Ruwana ya ƙafe ne?"

"Bai ƙafe ba."

"Karana ya yi ɗaci?"

"Malam Ilu, ba ni na zaɓa ba. Shanu suka zaɓa."

"Ubanka shi ke gaba, shanu na bin sa. Kai shanu ke gaba."

Tukur ya haɗiye maganar. Ya ce ai gona ɗaya ce, gamba kawai ta raba, kuma zai riƙa turo maruƙa su kwana wajensa. Ilu ya ce ba ya karɓar sadakar kashin maraƙi. Ya tura ƙwaryar man da ƙafa har ta koma gaban mai ita.

Daga nan abin ya juya. Ƙuduji ya bar gonar Sa'idu, kamar ya ƙetaro gamba da ƙafarsa. Ilu ya kwashe takin gidansa, na awaki da toka da juji, ya yi ta jigila da jaki, amma me mangala za ta yi a inda garke ya saba kwana? Geronsa ya fara tsayawa iyakar ƙirji. Na Sa'idu ya yi baƙi ƙirin, zangarniya kamar damtse. In Ilu yana noma sai ya juya wa gamba baya. Duk da haka yana jin ganyen geron can yana kaɗawa, ƙararsa ma daban ce da ta nasa.

Sa'idu ya gina rumbu na biyu. Ya yi wa zaurensa daɓe. Liman ya fara tambayarsa ra'ayi a kan ranar shuka. Wata bazara ya aiko wa Ilu da damin gero, ya sa aka bi da shi ta bayan gida, ba wanda ya gani. Wannan ya fi ƙona Ilu fiye da a ce an bi ta kasuwa ana kiɗa.

Ilu ya ce a mayar.

Huseina, matar Ilu, tana tsaye bakin rumbunsu da ya kusa kai ƙasa. Ta ce, "Malam, shekara nawa yana karɓar naka bai mayar ba?"

"Shi ya saba."

"To kai ma ka saba mana. Ciki bai san ɗan wa da ɗan ƙane ba."

"Rijiyar nan a gonata aka fara kafa ta."

"Ai na ji. Wa ya jefar?"

Ilu ya fita bai ci tuwo ba.

Ita kuwa rijiyar ba a gina ta ba. Rami ne kawai, ba siminti, ba itace a baki. Kwanon rufin tuni tsatsa ta cinye shi. Duk damina gefe yana zabtarewa, bakin yana ƙara faɗi, kuma ta wajen gamba ya fi ci. Sa'idu ya kewaye shi da ƙaya, ya gitta gungume inda ake tsayawa a ja ruwa. Iyaye suna hana yara zuwa wurin. Kowa ya san wata rana za a ji kuka, kowa kuma ya yi shiru saboda shanu.

Bayan mulkin kai, wata damina mai ruwa, gefen ya rufta da gamba da kunya biyu na gonar Ilu. Akuyar Huseina, ja mai ciki, tana ɗaure a wurin. Ta tafi da turkenta. Da ƙyar aka zura ƙugiya aka jawo ta, ta riga ta mutu.

Huseina ta yi kuka. Ilu ya tsaya a bakin ramin yana duban ƙasarsa da ta zube ciki, sai ya ji wani sanyi a ƙirjinsa wanda rabonsa da shi tun ranar man shanu. Ya feɗe mushen da hannunsa, ya shanya fatar.

Huseina ta ce, "Me za ka yi da fatar mushe?"

"Shaida."

"Akuyata ce ta mutu, amma kai ne fuskarka ta washe."

Ya naɗe fatar ya tafi wajen dagaci. Dagaci ya ce kamfani ya fi ƙarfinsa, su je gaba. Suka tafi Kurfi wajen hakimi. Ilu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya shimfiɗa fatar a gaban fadawa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, yau akuya ce. Gobe ɗan mutum ne. Mu in muka haƙa ramin gini a bayan gari, mu ake sa wa mu cike. Wanda ya ci tuwo shi ke wanke hannu. Sun haƙa, sun tafi, sun bar mana kabari a buɗe. Ina so a kira su."

Magana ce ta gaskiya, kowa ya san haka. Hakimi ya tambaya ko an san inda kamfanin yake. Ilu ya sani. Ya riga ya taka da ƙafarsa har bayan Dutsin-Ma, wajen Makera, ya ga motocinsu, ya ga Lado ya yi tumbi. A hanya ya ga wasu ramukan irin wannan, busassu, ɗaya har da ƙasusuwan jaki a ciki. Ya faɗi wannan duka.

Abin bai zo da sauƙi ba. Kamfani ya aiko cewa aikinsu a can ya daɗe da ƙarewa, kuma mai gona da yardarsa aka shiga. Ilu ya koma Kurfi. Aka ce ya jira. Ya koma. Fadawa suka sa masa suna Mai Fata. Bai damu ba, ya ci gaba da zuwa yana shimfiɗa ta har gashinta ya zube. Daga ƙarshe hukuma ta ce kamfani ba zai kafa inji a sabon wuri ba sai ya koma ya ga bayan tsofaffin ramukansa.

Ranar da za a yanke magana aka taru a bakin rijiyar. Ga wakilin hakimi, ga dagaci, ga wani ma'aikacin kamfani mai gajeren wando, Lado yana yi masa tafinta. Ga Sa'idu. Tukur ma ya baro shanunsa ya zo, don labari ya kai masa.

Mutumin kamfani ya zagaya ramin, ya leƙa, ya yi magana. Lado ya ce, "Ya ce hanya biyu ce. Ko a kawo katafila a toshe bututun a ture ƙasa a cike, a wuce wurin. Ko a gina ta da siminti tun daga ƙasa, a yi mata baki da murfi, a yi wurin shan dabbobi. Kamfani zai yi kowacce aka zaɓa, tunda hukuma ta ce. Amma in ginin ne, sai an yanki gonar wancan bawan Allah, don ta nan ta rufta, ta nan za a kafa gindin ginin."

Ya nuna wurin da sanda. Bai fi shimfiɗar tabarma uku ba.

Wakilin hakimi ya ce, "To, Malam Ilu, kai ka kawo ƙara, ƙasar kuma taka ce. Ba za a taɓa ta ba sai ka yarda."

Sa'idu ya matso ya durƙusa a gaban Ilu, mutum da furfurarsa.

Ya ce, "Yaya, ka yi wa Allah. In an gina ta, ta zama tamu mu biyu. A cire gambar ma in kana so. Shanu su kwana wajenka wata guda, wajena wata guda. Da kai za su fara."

Tukur ya ce, "Na yarda da wannan, Kaɗo. Ko dukan ranin ka ce, sai mu yi magana. Ruwan nan ba irinsa daga nan har Karaɗuwa."

Dagaci ya ce, "Ilu, ka ci riba biyu. Ka sa kamfani ya durƙusa, ga taki ya dawo."

Ilu ya dubi ƙeyar Sa'idu a ƙasa. Ya ga shanun sun dawo gonarsa, ya ga geronsa ya tashi. Sai kuma ya ji abin da za a riƙa faɗa a bakin masallaci: rijiyar Sa'idu, wadda ya taimaki yayansa da ita. Ko an cire gamba, ko an yi shekara ɗari, sunan ba zai canza ba. Duk damin da zai ɗaure, sai an ce albarkacin ƙanensa ne. Gara a koma yadda ake tun farko, rijiya ɗaya a wurin, ta kakansu, a gonarsa.

Ya ce, "Na ƙi ba Bature ƙasata yana da jan ƙyalle. Ba zan ba shi yanzu ba. A cike."

Sa'idu ya ɗago kai. "Yaya, me na yi maka?"

"Ba ka yi mini kome ba. Rami ne, yana cin dabbobi."

Tukur ya dubi Ilu. Ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya tafi, bai yi wa kowa sallama ba.

Katafila ta zo bayan kwana kaɗan. Aka ɗura siminti a bututun, aka ture ƙasa da marmara, aka daddanne. Kafin la'asar wurin ya zama fili. Aka bi sauran ramukan na wajen Makera aka cike su ma. Wani dattijo daga can ya zo takanas ya yi wa Ilu godiya, ya ce jikarsa ta taɓa faɗawa ɗaya, Allah ya yi da sauran kwana. Ilu ya karɓi godiyar. A kasuwar Kurfi ana nuna shi, ana cewa ga wanda ya ja kamfani da fatar akuya.

Sa'idu bai daina gaishe shi ba. Gaisuwar ce dai ta koma ta baƙo.

Ilu ya shiga shiri tun gero bai nuna ba. Ya sa aka yashe rijiyar kakansa har aka taɓo sabon ido. Ya sa aka sassaƙa komi biyu na kirya. Ya sayi sabuwar guga da igiya. Da aka yi girbi bai kwashe kara ko ɗaya ba, ya bar harawar wake a kan kunya, abin da bai taɓa yi ba. Ya je Kurfi ya sayo kanwa, ya ajiye a zaure.

Huseina ta ce, "Wa ya ce maka zai zo?"

"Ina zai je? Rijiya ɗaya ce yanzu."

"Uhm. Allah ya kawo shi."

Ilu ya riƙa zama a gindin gawon da ke bakin burtali. Wata rana da hantsi ya hango garken tafe, farar saniyar nan a gaba, ta tsufa amma ita ce. Matan Tukur suna biye da ƙore a ka, an ɗora kaya bisa takarkari. Ilu ya miƙe ya kakkaɓe riga.

Da shanun suka kawo daidai gonakin sai suka saki burtali da gudu. Ba su dubi karan Ilu ba. Suka wuce sababbin komayensa cike da ruwa, suka tsallake gamba, suka taru a filin da katafila ta danne. Suna shinshina ƙasa, suna lasa, suna tono da kofato. Farar saniyar ta ɗaga kai ta yi kuka, sauran suka amsa. Sa'idu yana tsaye a bakin gonarsa, ya juya ya shige gida.

Tukur da 'ya'yansa suka sha wuya kafin su tattaro su. Suka maido su burtali, suka miƙa da su kudu, hanyar Zobe da kogin Karaɗuwa. Ilu ya sha gabansa.

"Sannu da zuwa, Tukur."

"Yauwa, Malam Ilu."

Bai ce Kaɗo ba. Ilu ya lura.

"Ga gona can. Na yashe rijiya, ruwa har ya fi na da. Ban taɓa kara ba. Akwai harawa. Kanwa tana zaure, ba sai ka je Kurfi ba."

"Na gani. An gode."

"To a juya su mana, rana na yi."

Tukur ya dubi shanunsa, waɗanda har yanzu suke waiwayen filin.

Ya ce, "Ka ji kukansu? In na sauka nan, haka za su yi mini har ruwa ya sauko. Kullum suna ganin wurin, ni kuma kullum ina ganinka."

"Ubanka a gonar nan ya sauka. Kakanka ma."

"Sun sauka wajen mutumin da in ya ga ruwa sai ya kira maƙwabci."

"Kamfani ne ya haƙa ramin nan, ba ni ba. Su na sa suka gyara ɓarnarsu. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. An ce a gina, kai ka ce a cike."

Ilu ya kama igiyar takarkarin. Bai taɓa roƙon mutum ba, bai san ta inda ake farawa ba.

Ya ce, "Rani ɗaya. Ka gwada."

Tukur ya zare igiyar daga hannunsa a hankali.

"Ko kwana ɗaya, Malam Ilu. Saniyata ba za ta ƙara kwana a gonarka ba."